Ƙanƙarar da Ta Ƙi Narkewa

Zuwa ga 'yata 'Yar Teku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki na cikin jirgi. Mu nan lafiya muke, sai abin da ba a rasa ba. Gwiwoyina sun ƙara nauyi. Innarki kuma tana fama da hawan jini, amma tana shan magani idan an tsaya a kanta.

Bari in fara da tsara al'amarin yadda na fahimce shi, domin idan na kauce ki gyara mini. Marigayi mahaifinki ɗan gwaggon mahaifiyata ne, kuma tare da shi muka kafa wannan masana'antar ƙanƙara tun kafin a haife ki. Karatu ya ɗauke ki daga cikinmu, aiki kuma ya kai ki tekun da ke can ƙarshen duniya, inda kike binciken halittun da ke rayuwa a ƙarƙashin ƙanƙara. Rabona da fuskarki tun rasuwar mahaifinki. Yanzu kin rubuto kina sanar da ni cewa za a baje hotunan da kika ɗauko a lambun da ke gaban ɗakin karatu na garinmu, a fili, domin mai wucewa ya gani ba sai ya sayi tikiti ba. Kin ce ke ba za ki halarta ba, saboda jirginku ba zai dawo ba sai bayan an rufe nunin. Kin roƙe ni abu guda: in yi miki bulon ƙanƙara mai tsayin mutum, garau kamar gilashi, in daskarar da 'yan dabbobin katakon da kika aiko a cikinsa, a kafa shi a tsakiyar lambun cikin wani faffaɗan kwano.

Na karɓa, kuma da farin ciki na karɓa.

Sai dai ya dace ki san halin da masana'antar take ciki. Kowane shago yanzu da firizarsa, masu kifi ma da yawansu sun sayi tasu. Injin ya tsufa, kayan gyaransa an daina kawo su. Yayyenki biyu, Injiniya da Akawu, sun zaunar da ni a falo suka ce lokaci ya yi da za a kashe shi a mayar da wurin sito. Na saurare su har suka gama. Ana cikin wannan zance wasiƙarki ta iso. Da na karanta musu, Akawu ya kalli Injiniya, Injiniya ya kalli silin, can ya ce, "To Baba, an ji. A yi wa 'Yar Teku aikinta. Amma ranar da ƙanƙarar lambun ta ƙare, ranar za a sauke makunnin injin, kuma ba za mu sake zama a kan maganar ba." Na ce na amince. Innarki tana bakin ƙofa, ta ce ita ce shaida, alhali babu wanda ya kira ta.

Akwai layi guda a wasiƙarki da na maimaita karantawa. Kin ce: "Ƙanƙarar za ta narke a gaban jama'a, suna kallo, babu mai iya tsayar da ita. Abin da ke cin raina ke nan, Baffa." 'Yata, ki kwantar da hankalinki. Wanda ya gaya miki babu mai iya tsayar da ita bai san Baffanki ba. Na kai ƙanƙara ƙauyuka a bayan mota da tsakar rana, na sauke ta ko kusurwa ɗaya ba ta rasa ba. Mahaifinki shaida ne, Allah ya jiƙansa.

Na riga na fara aikin. Ruwan sai an tafasa shi an bar shi ya huce, sannan a daskarar da shi a hankali, hawa-hawa, ana saka dabba ɗaya a kowane hawa. Mai gaggawa yakan tarar da tsakiyar bulonsa ya yi fari kamar madara. Ki rubuto mini sunayen dabbobin nan, domin kada a tambaye ni in ji kunya. Akwai tsuntsun da ke tsayuwa ƙyam kamar ma'aikacin banki sanye da baƙar kwat. Akwai kuma wata mai gashin baki wadda ba ta da ƙafafu, Innarki ta rantse da ni take kama.

Kowa yana gaishe ki. Ki riƙa rufe kunnuwanki, sanyi ta nan yake shiga.

Ni ne Baffanki, Mai Ƙanƙara.

* * *

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna da yayyena da iyalansu. Ina fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai yatsuna duk sun tsattsage, alƙalami ma da ƙyar nake riƙewa.

Ban sani ba ko wasiƙata ta same ka. Ƙaramin jirgin da ke kawo mana abinci da saƙonni ya zo ya koma, bai kawo mini komai daga gida ba. Na gaya wa kaina kana can kana faɗa da ruwa, ba ka da lokacin takarda.

Baffa, na gaji. Aikinmu kullum iri ɗaya ne: a jefa koma, a jawo, a zube a kan tebur, a tantance. Abin da nake nema wasu ƙananan jatan lande ne, ba su kai ɗan yatsa ba. Su ne abincin tsuntsaye da manyan kifaye da duk wani abu mai numfashi a nan, su kuma abincinsu a ƙasan ƙanƙara yake tsirowa. Inda ƙanƙara ta tafi, su ma sun tafi. Komar da a da mutum biyu ke ja da nishi, yanzu ni kaɗai nake ɗagawa.

A babban allon da ke kusa da ƙofar lambun za ka ga hoton wani tsaunin ƙanƙara mai shuɗi-shuɗi. A zuwana na farko na ɗauke shi. Shekaranjiya jirginmu ya ratsa ta daidai inda yake tsaye a da, babu komai sai ruwa. Idan ɓangaren irin tsaunin nan zai ɓalle, sai ka ji ƙara kamar an rushe bene, daga nan sai shiru. Shirun ne ba na so.

Ina yawan tuna ƙofar masana'anta, lokacin da nake tsintar ɓarɓashin ƙanƙara ina tsotsa, kana kora ta kana cewa zan yi mura in ja maka magana wurin Inna. Ga shi yanzu ina zaune a tsakiyarta, babu mai kora ta.

Idan hasashena daidai ne, kafin wannan takarda ta same ka an buɗe nunin, tsuntsun katakon da ke can saman bulon kuma ya riga ya faɗo cikin kwano. Ka gaya mini wanda ya fara faɗowa da abin da mutane suka ce. Gobe za mu shiga can ciki inda ko waya ba ta kamawa, saboda haka idan ka ji shiru ba raini ba ne.

'Yarka, 'Yar Teku.

* * *

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan yatsunki sun warke. Ki shafa musu mai, ki daina wanke su da ruwan zafi, domin shi ke ƙara tsaga su. Wannan ilimin ba daga littafi na samo shi ba. Innarki ta sami sauƙi har ta koma faɗa da kowa.

Na lura wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Na kuma lura kin riga kin yanke ƙauna, har kina tambayar wace dabba ce ta fara faɗowa. Ina farin cikin sanar da ke cewa babu wadda ta faɗo, kuma babu wadda za ta faɗo muddin ina tsaye.

An buɗe nunin. An jera allunanki a gefen hanyoyin lambun, ƙarƙashin itatuwa, kowanne ya fi ƙofar ɗaki faɗi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da sandata. Na daɗe a gaban kifin nan da ya fi bas girma, wanda jelarsa kaɗai ta fito daga ruwa. Na ga tsauninki mai shuɗi. A matsayina na wanda ya san sana'ar, ina tabbatar miki ƙanƙara ce mai kyau ƙwarai, babu iska a cikinta.

Bulon ya fito yadda kika so, ana hango dabbobin a ciki kamar suna iyo. Amma da muka kai shi, sai na tarar an ajiye kwanon a tsakiyar fili inda babu inuwa ko ta tsinke. Nan da nan na kira ma'aikatana. Na sa aka kafa rumfar tamfol a kansa, aka kewaye ɓangarori uku da katako, aka cika tsakani da garin katako. Fuskar gaba ina rufe ta da buhunan algarara idan rana ta ɗaga, in buɗe da safe da kuma la'asar sakaliya. Kullum da safe ina zuwa da sabon yanki daga masana'anta in liƙe inda ya ɗan zaizaye, in goge kwanon da tawul ya bushe ƙayau.

Jami'in nunin, wani mai tabarau, mutum ne mai ladabi amma bai san ƙanƙara ba. Ya same ni ina ɗaura buhu, ya rusuna ya ce, "Baba, da an bar ta haka. Ai so ake ta narke."

Na ce, "Wa ke so?"

Ya ce, "Mai aikin, Baba. Haka tsarin yake."

Na ce, "Mai aikin 'yata ce. Ga takardarta a aljihuna, da hannunta ta rubuta cewa narkewar nan ita ke cin ranta. Kai ka san ranta, ko ni?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce zai yi ƙoƙarin samun ki. Na ce ya gaishe ki idan ya same ki. Tun daga ranar yana gaishe ni daga nesa.

Wani abu kuma ya faru wanda ban zata ba. Shugabar masu sayar da kifi, wadda ake kira Uwar Kifi, ta zo ta zagaya bulon tana riƙe da haɓa. Ta ce, "Mai Ƙanƙara, ashe kana nan da ranka? Wannan firizar da aka sa muka saya, wuta na ɗaukewa kifi sai wari. Gobe a kawo mini bulo rumfata, kuma kada ka aiko mini da ragowar jiya, na san halinka." Na ce tun tana goyon 'yarta ta fari nake kai mata ƙanƙara, ban taɓa kai mata ta jiya ba. Ta ce ai shi ya sa take tuna mini. Bayanta wasu sun biyo. Injin ya yi kwanakin da bai huta ba, abin da ya daɗe bai gani ba.

Akwai kuma mai gyaran agogo da ke zama a bencin lambun, mutum mai son gardama. Na ji shi yana gaya wa jama'a, "Ku duba mini nan. Ga ta Mai Ƙanƙara a cikin wannan zafin ko gezau ba ta yi ba. A ce mini ta ƙarshen duniya, inda rana ba ta da ƙarfi, ita ce ke narkewa? Zancen masu hoto ne kawai." Mutane suka yi dariya. Na ɗauki maganar a matsayin yabo, ko da yake ban ji daɗin ƙarshenta ba.

Ki sa ranki a inuwa. Amanarki tana hannu.

Baffanki.

* * *

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ki ba, kuma ko da yake kin gargaɗe ni, shirun ya yi tsawo. Kullum ina aika a duba akwatin gidan waya. Lafiyata dai ga ta nan. Safiyar jiya sai da na zauna a gefen kwanon na huta kafin in iya ɗaga buhu, hannuwana kuma ba sa jin sanyi ba sa jin zafi har azahar.

Gidan babu daɗi. Injiniya ya tare ni a ƙofar masana'anta, a gaban ma'aikata, ya ce, "Baba, wannan fa wayo ne. Mun ce ranar da ƙanƙara ta ƙare, kai kuma kullum kana yi mata ƙari. Haka za mu yi ta yi har a tashi duniya?" Na ce masa ban saɓa alkawari ba, ƙanƙara ce ba ta ƙare ba. Ya ce injin yana zubar da mai, ƙararsa ta canza, wata rana zai fashe da mutum a kusa. A kan ƙarar ya yi gaskiya, ni ma na ji ta. Akawu kuwa ya daina kawo mini jikokina.

Innarki ta kawo mini ruwan zafi na gasa gwiwa, ta tsaya tana kallona, ta ce, "Malam, wai kai ka tsare ƙanƙarar nan, ko ita ta tsare ka?" Na ce ta ajiye ruwan ta tafi. Ta ce za ta tafi, amma idan na faɗi a lambun kada a zo a ce ta kawo zani a rufe ni, buhunan suna nan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Wata malamar makaranta ta kawo ɗalibanta, kowa da kofin awo a hannu. Suka leƙa kwanon suka tarar da shi a bushe. Ta tambaye ni ina ruwan, na ce na goge. Sai ta nuna mini wani ƙaramin allo da katakaina suka kare, wanda aka rubuta a jikinsa cewa masu kallo su riƙa dawowa kullum suna auna ruwan da ya taru. Ta tattara yaranta suka tafi, ba ta yi mini rashin kunya ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na karanta allon. Amma allo ba 'yata ba ne, ban san wanda ya rubuta shi ba. Kalmarki nake jira. Kafin ta zo, ba zan bar abin da aka damƙa mini ya tsiyaye a gaban idona ba. Tun ina saurayi, duk ɗigon da ya sauka daga jikin bulo asara ce da abin kunya. Ban san wata hanyar kallon ƙanƙara ba.

Ki rubuto, don Allah.

Baffanki.

* * *

Baffa,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina roƙon Allah ya ba ka lafiya. Yau muka fito inda saƙo ke iso mana, aka miƙo mini wasiƙunka uku a haɗe, da saƙon jami'in nunin. Na karanta su a tsaye. Na yi dariya a kan mai gashin baki, daga nan ban sake dariya ba.

Ka yi mini afuwa, ban iya rubutu ba. Da na ce narkewar tana cin raina, ta nan nake nufi, wadda nake kallo daga jirgi. Taka kuwa don ta narke na roƙe ka ka yi ta. Mutanen garinmu ba za su taɓa zuwa nan ba, hoto kuma ba ya motsi. Na so su zo yau su ga tsuntsu a cikin ƙanƙara, su dawo jibi su tarar da shi a kwance cikin ruwa, babu inda zai tsaya. Allon nan ni na rubuta shi.

Shekarun da na yi ina jan koma, hannuna na tsagewa, domin mutum irin mai gyaran agogo ya tsaya ya yi shiru na ɗan lokaci ne. Yanzu kuwa da aikina yake kafa hujja cewa ƙarya nake yi. Baffa, wannan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Zan faɗi wani abu, idan na wuce gona da iri ka yafe mini. Kai ne mutumin da ke karanta takardar kamfanin wuta har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Ban yarda wasiƙata ta biyu ta shige maka duhu ba. Ina jin ka gane tun ranar da jami'in ya yi maka magana. Sai dai Yaya Injiniya ya ɗaure makomar injin a jikin wannan bulon, ni kuma ban san da haka ba sai yau. Da na sani, da ban roƙe ka ba, ko kuma da na roƙi wani abin daban. Na sa ka a tsakanin aikina da naka ba da sanina ba.

Ba zan ce ka cire buhunan ba. Masana'antar nan ita ta biya mini kuɗin makaranta bayan Baba ya kwanta ciwo, ba ni da bakin da zan ce a kashe ta. Idan ka bar rumfar, zan rubuta wa jami'in ya cire allon, a ce ado ne kawai. Babu wanda zai ji komai daga bakina. Abin da na roƙa guda ne: kada ka sake zama a gefen kwano kai kaɗai da safe.

'Yarka.

* * *

'Yata,

Na karɓi gaisuwarki, ina mayar miki da wadda ta fi ta. Gwiwa tana nan yadda take.

Wasiƙarki ta kwana biyu a aljihuna kafin in iya amsawa. Ba ki wuce gona da iri ba, kin dai tsaya daf da iyaka, kamar mahaifinki. A kan ko na gane ko ban gane ba, ba zan yi dogon bayani ba. Na tsufa da yawa da zan tsaya ina kare kaina a gaban 'yar da na goya.

Tayin da kika yi na cire allon, na gode, amma ban karɓa ba. An ba ni aiki, kuma ban taɓa kai wa mai saye abin da bai ce a kawo masa ba. Idan ƙanƙara mai narkewa kika ce, ita za ki samu. Ina dai gargaɗinki cewa tawa ba irin ta firiza ba ce, ba za ta tafi da sauri don ta faranta wa kowa ba. Na je wurin jami'in da ƙafata, na ba shi haƙuri, ya yarda a bar kwanon har dabba ta ƙarshe ta faɗo, ko da an kwashe allunan.

Ga kwafin takardar da na raba wa dangi.

Baffanki.

* * *

Zuwa ga iyalina da dangina da ma'aikatan masana'anta baki ɗaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, manya da ƙanana, ina fatan kowa yana lafiya.

Kun san ƙanƙarar da muka kafa a lambun ɗakin karatu domin nunin 'yarmu 'Yar Teku, kun kuma san alkawarin da ke tsakanina da 'ya'yana cewa ranar da ta ƙare za a kashe injin. Ta tabbata cewa an yi ta ne domin ta narke a gaban jama'a. Saboda haka na yanke shawara kamar haka.

Ranar Asabar da safe za a sauke rumfar, a cire katakan, a kwashe garin katakon. Injiniya ne zai jagoranci wannan, tun da shi ya fi kowa ɗoki. Daga ranar ba za a sake kai ko ɓarɓashi daga masana'anta zuwa lambun ba, ba kuma za a goge kwanon ba. A sanar da malamar makarantar ta dawo da yaranta da kofunansu.

Akawu zai je wurin Uwar Kifi da sauran masu rumfuna ya gaya musu gaskiya tun yanzu, domin su nemi wani wurin kafin kifinsu ya lalace. Za ta zage shi, ya yi haƙuri, ni ta daɗe tana zagina. Shi ne kuma zai tabbatar ma'aikatanmu sun sami gurbi a siton da za a buɗe. Wannan ba roƙo ba ne, sharaɗi ne.

Mai gyaran agogo kada kowa ya yi gardama da shi. A bar masa bencinsa, yana fuskantar kwanon.

Za ku ji ana cewa ƙanƙarar Mai Ƙanƙara ta narke a tsakiyar gari da sunansa a jikinta. Kada wanda ya tanka, kada kuma wanda ya zo yi mini jaje. Ranar da dabba ta ƙarshe ta faɗo, ni zan sauke makunnin injin da hannuna. Ina roƙon Injiniya ya tsaya a waje har in fito.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Zan riƙa zuwa lambun kullum, domin na yi wa 'yata alkawarin rubuta mata abin da ya faru. Na san kaina. Idan na ga ruwa yana bin jikin bulon, hannuna zai nemi abin rufewa kafin hankalina ya iso. Saboda haka duk wanda ya gan ni na nufi wurin da buhu, ko tawul, ko na fara tuɓe babbar rigata, ya karɓe daga hannuna, babba ne ko yaro. Zan yi faɗa, zan ambaci shekaruna, wataƙila in ce ban san wanda ya haife shi ba. Kada ya saki. Na yafe masa tun yanzu, kuma wannan takarda ita ce hujjarsa.

Ina neman haɗin kan kowa da kowa a kan wannan al'amari, har Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya.

Wassalam. Naku, Mai Ƙanƙara.